AMBAGES: TARIHIN MAGANA MAI KWANA-KWANA



Ran nan a Aujara na karanta wa wani dattijo gajeren labarina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗan nan, to wai wa ya mutu?" Shafi uku ina kewaye-kewaye, ashe ban faɗa ba. Abin da ya sa ni bin tarihin wannan cuta ke nan.

Rumawan dā suna da suna gare ta a Latin: ambages. An gina kalmar da "ambi", wato kewaye, da "agere", wato korawa ko tafiyar da abu. Asalin ma'anarta hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, daga baya aka ɗora ta a kan zance. Mawaƙinsu Virgil, wanda ya mutu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi amfani da ita ta fuska biyu a littafi na 6 na Aeneid: ga lungunan ginin nan na tsibirin Kirit da ake shiga a kasa fita, da kuma zancen bokanyar Kume, wanda ba a kama kansa. Kalmar ba ta mutu ba. Wanda ya yi boko a Maraɗi zai gaya maka cewa a Faransanci "sans ambages" na nufin magana ba kwana-kwana.

Mu ma muna da namu, amma da ƙa'ida. Zaurance yana da mabuɗi, wanda ya sani ya warware. Habaici yana da wanda aka nufa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan soki abokin hamayyar ubangidansu ba tare da kama suna ba, amma duk fada ta san inda kibiya ta sauka. Sun karkata ne don su tsira da kansu, kuma saƙo ya isa.

Namu kwana-kwanar fa? Sau da yawa ba mu ɓoye komai ba sai rashin sanin abin da za mu ce. Dubi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933: labarin ne ke yawo gari-gari, jimlolin kuwa miƙaƙƙu ne.

Kafin ka turo labarinka, ɗan uwa, karanta wa wani a gida. In ya tambaye ka wa ya mutu, koma ka gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.