ALI KO TYSON, SHAGO KO EBOLA? TARIHIN WANI TSOHON MUSU

Kwanakin baya ina zaune a rumfa muna jiran motar citta daga Kwoi, sai na ji yaran shagona biyu sun kaure da gardama har sun manta da awo. Ɗaya ya ce da za a dawo da Shago a sa zare da Ebola, ba za a kai turmi na biyu ba. Ɗayan ya ce, "Kai bari, mutanen da ai suna ne kawai." Na yi dariya, don kuwa wannan musu ya girme su, ya girme ni, kuma a garin nan na Kafanchan ya daɗe yana zagaya teburan masu shayi.

Tun da layin dogo ya iso a 1927 garin ya zama mahaɗa, inda jirgin Fatakwal da Inugu ke rabuwa, wani ya nufi Kaduna wani Jos. Jirgi kuwa ba kaya kaɗai yake kawowa ba, har da jaridu da labari. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ce a zamaninsu tsofaffin ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa da mutanen ƙasar nan, gwaninsu Joe Louis ne, wanda ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Su kuma samarin Hausawa sai Muhammad Ali, musamman bayan ya bayyana Musuluncinsa ya sauya suna a 1964, ya kuma zo Nijeriya a shekarar. Da aka ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, sai son ya ƙaru. Ranar 30 ga Oktoba 1974 da ya kayar da George Foreman a turmi na 8 a Kinshasa, wajen ƙarfe huɗu na dare aka fara, don haka Baba ya ce labarin da sallar asuba tare suka iso unguwa. Ni lokacin ban fi a goya ni ba. Amma ko a ranar, in ji shi, wani tsohon direban jirgi cewa ya yi Louis ba zai tsaya jikin igiya yana shan duka turmi bakwai ba, tun da wuri zai gama da Foreman.

Namu zamanin na Mike Tyson ne. A Nuwamba 1986 yana ɗan shekara 20 ya buge Trevor Berbick, mu kuma muna biyan kuɗi a gidan bidiyo muna kallon kaset ɗin da ya sha kallo har ya dusashe. Muka ce wa iyayenmu Ali ba zai jure wannan ba. Hujjarmu ita ce Berbick ya ci Ali a 1981, Tyson ya ci Berbick. Larry Holmes ya ci Ali a 1980, Tyson ya kwantar da Holmes a turmi na 4 a 1988. Mu a ganinmu lissafi ya fita.

Sai da na yi furfura na gane inda lissafin ya karkace. Ali yana da shekara 38 lokacin da Holmes ya doke shi. Holmes ma shekara 38 gare shi ranar da ya gamu da Tyson. A koma baya, Rocky Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba a taɓa cin sa ba, ya kayar da Joe Louis a 1951, Louis yana da 37, bashin haraji ne ya dawo da shi fage. Wato duk sanda gwanin jiya ya haɗu da gwanin yau da gaske, saurayi ne yake dukan dattijo. Abin da muke musu a kai, wato kowa yana kan ganiyarsa, Allah bai taɓa haɗa shi a fage ɗaya ba. Ga kuma maganar nauyi: Marciano wajen kilo 85 yake, Tyson Fury na wannan zamani ya haura 120. Buhun citta guda ne kusan tsakaninsu.

Turawa ma abin ya dame su, har suka kai ƙara wurin na'ura. A 1967 wani mai shirin rediyo a Miami ta Amurka, Murray Woroner, ya tattara bayanan zakarun duniya 16 da ra'ayoyin marubuta wasanni, aka zuba wa kwamfuta ƙirar NCR 315, ita ke yanke wanda ya ci, ana karantawa a rediyo kamar ana yi. Marciano ya zo na ɗaya, ya doke Jack Dempsey a ƙarshe. Ali kuwa na'urar ta ce Jim Jeffries, zakaran wajen 1900, ya fitar da shi. Ali ya fusata ya kai ƙara yana neman dala miliyan ɗaya. Sulhun da aka yi shi ne a biya shi dala 10,000 ya shiga fage da Marciano a ɗauki majigi. Marciano yana da shekara 45, ya rage ƙiba, ya sa gashin kanti, suka yi ta kwaikwayon naushi kala-kala don a zaɓi wanda na'ura ta ce. Ranar 20 ga Janairu 1970 aka nuna a silima, Marciano ya kayar da Ali a turmi na 13. Shi gwanin bai gani ba, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Agusta 1969. A Turai kuma da jama'a suka yi ƙorafi, sai aka nuna musu wani ƙarshen inda Ali ya ci. To ka ji shari'ar na'ura. Abin da aka ɗura mata shi ta amayar, kuma masu ɗurawar mutane ne masu gwanayensu.

Wannan ya dawo da ni gida. Su can ko ba komai suna da takarda: rana kaza, turmi kaza, nauyi kaza. Mu fa? Damben gargajiya sana'ar mahauta ce tun asali, bayan kaka ake fita gari-gari da kalangu, a ɗaure hannu ɗaya da zare, turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ba a awon nauyi, ba magatakarda. Na tambayi yaron da ke rantsuwa da Shago, "Ka taɓa ganin damben Shago?" Ya ce a'a Baba. Na ce ni ma haka. Abin da muka sani na wannan barde na ƙasar Zamfara, ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace muka san shi, kuma sunan Ɗandunawa ma waƙa ce ta riƙe mana shi. Ɗan Anace shi ne kwamfutarmu, sai dai shi bai taɓa ɓoye gwaninsa ba. 'Yan dambe nawa ne suka yi kisa a Sakkwato da Katsina da Maraɗi a wancan zamani, ƙila har da waɗanda suka fi ƙarfin hannu, amma da yake ba su samu maroƙi irin wannan ba, yau ko a musu ba a sa su?

Yaran yanzu sun fi mu hujja ta wani gefen. Damben Ebola ko Garkuwan Cindo yana cikin waya, da na gidan damben Dei-Dei a Abuja, Kudu da Arewa da Guramada kowa da ɓangarensa, ka maimaita kisa sau goma ka ga inda ƙafa ta goce. Amma wannan ma yana cutar da su a musun, domin an ga faɗuwarsu, kamar yadda muka ga Buster Douglas ya shimfiɗe Tyson a Tokyo a Fabrairu 1990 bakinmu ya mutu. Shago kuwa a kaset yake, kullum ka kunna yana kan ganiyarsa. In ka tambaye ni, ni ɗan Shago ne, kuma na san kunne ne ya zaɓa mini.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu na nan gida. Mahautan Kafanchan da Zonkwa da Kachia sun yi dambe bayan kaka kamar kowa, kuma akwai dattawa a unguwanninmu da suka tsaya a da'irar suka gani da ido. Rigingimun 1987 da 1999 da 2011 sun watsa mutane, gobarar kasuwa ta ci hotuna da kaset-kaset, mutuwa kuma tana ɗauka ɗai-ɗai. Na san tsofaffi uku da har yanzu in ka zauna da su za su faɗa maka wa ya kashe wa, a wane fili, wane makaɗi ya buga. Ɗaya ya fara mantuwa. Na faɗa wa yaran nan biyu ranar Juma'a bayan la'asar su rufe shago da wuri, su cika wayarsu da caji, ni zan sayi goro, mu fara da shi.