Icce mai fure a ƙaramin gida: me ke kamawa a ƙasar Kurfey?

Sakura shi ne sunan da mutanen Japan ke kiran wani icce da ake shukawa don furensa kawai, ba don ƴaƴa ba. Akwai irinsa guda da rassansa ke zubowa ƙasa kamar jelar doki, shi ne ake yawan gani a hotunan kalanda da fuskar salula, ya lulluɓe da fure ja-ja mai haske, babu ganye ko ɗaya. Mafi shahara a wannan iri yana garin Miharu, cikin yankin Fukushima. An ƙiyasta ya haura shekara 1000, kuma tun 1922 hukumar Japan ta sa shi cikin abubuwan da doka ke karewa. A 1912 birnin Tokyo ya bai wa birnin Washington na Amurka kyautar itatuwan sakura fiye da 3000, har gobe ana bikin furensu kowace shekara.

A Turai masu ƙananan lambuna na son mai zubowar, don aure ake yi masa: a ɗauko reshensa a ɗaura bisa kututturen wani mai miƙewa, sai ya tsaya gajere, rassa su yi laima.

A Filinge kuwa ba ya yi, kuma ba rashin hannu ba ne. Sakura sai ya kwana cikin sanyi mai tsanani, awoyi ɗaruruwa ƙasa da digiri 7, kafin idanun furensa su buɗe. Ɗarin Disamba da Janairu da ke sa mutanen Kurfey jin wuta da asuba bai kai nan ba, da rana ma zafi ke dawowa. Ƙarshen Maris da watan Afrilu, lokacin da yake fure a Japan, su ne lokacin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a jahar Tillaberi. Wanda ya sa aka kawo masa dashe daga waje, kuɗinsa da ruwansa ya zubar. Amma siffar da ake so, wato fure ja-ja bisa reshe tsirara a tsakiyar rani, akwai itatuwan ƙasar Hausa guda biyu da ke da ita.

Sansami da kariya

Sansami, wanda wasu ke kira jiri, shi ya fi kama da sakura. Yakan kaɗe ganyensa da rani, sa'an nan kafin damana ya fitar da fure tuli-tuli masu rataye, kowane kamar ƙaramar ƙararrawa, da ƙamshi mai daɗi. Bayan fure sai ƴaƴa dogaye sirara masu murɗewa. Mutanen da ba sa sa iccensa a murhu, suna cewa hayaƙinsa na kawo jiri, abin da ya tsare shi daga gatari a wurare da yawa.

Sai dai sansami ɗan kudu ne. An fi samunsa wajajen Gaya da arewacin Najeriya, inda ruwan sama ya ninka na Filinge, wadda a shekara ba ta cika wuce milimita 400 ba. Abin da ke ba shi dama shi ne Dallol Bosso. Garin na zaune ne a bakin wannan tsohon kwari, kuma a cikin kwarin ruwan ƙasa ba shi da nisa, shi ya sa gawo da goriba ke girma a wurin. Gidan da ke ƙasa-ƙasa kusa da fadama zai iya riƙe sansami in an yi masa ban ruwa shekara biyu zuwa uku na farko. Gidan da ke bisa tudu ko kan dutse, gara ya haƙura. Kuma icce ne sosai, yakan kai mita 5 zuwa 10, saboda haka tsakar gidan da ba ta kai mita 8 a faɗi ba ta yi masa kaɗan. An fi samun dashensa daga ƴaƴan da ke tsirowa a jikin saiwar uwar.

Kariya ita ce ta ƙaramin gida na ainihi. Gajeruwa ce, da ƙyar take wuce mita 2, gindinta kumburarre don a nan take ajiye ruwa. Tana fure da rani, ja mai farin ciki, sau da yawa ba ganye a jikinta. Ita ce masu sayar da furanni a Turai da Tailan ke kira furen hamada, suna sayar da ita da tsada cikin ƴan tukwane, alhali a Sahel tsirar daji ce. Tsohuwar randa da aka huda gindinta ta ishe ta zama. A yanko reshe, a ajiye shi a inuwa kwana uku ko huɗu bakin yankan ya bushe, a kafa a rairayi. Yawan ruwa ne ke kashe ta, gindin ya ruɓe: sau ɗaya a mako da rani ya isa, da damana kuma a tabbata ruwa ba ya kwanciya a ƙarƙashinta.

Aibinta babba ne, kuma bai kamata mai sayarwa ya ɓoye shi ba. Ruwan da ke fita a jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, da shi maharba na da ke shafa wa kibau. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, kada a ajiye ta a ƙasa. A ɗora ta inda hannu ba ya kai, ko a jira su girma. Wanda ya yanke reshe ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Mai son rassa masu zubowa fiye da launin fure, akwai magarya mai aure, wadda cibiyar ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa da sunan tuffar Sahel: irin Indiya ne mai manyan ƴaƴa aka ɗaura bisa magaryar gida. Furenta ba abin kallo ba ne, amma tana ba da ƴaƴa da ɗari, kuma tana son a sassabe ta da bazara, don haka ba ta fin ƙarfin gida. Lalle ma na yi, ga ƙamshin fure ga ganyen ƙunshi. Bedi, wato dogon yaro, da ya cika titunan Yamai, na ƙofar gida ne. A ƙaramar tsakar gida saiwarsa na bin ruwa har shadda da ƙarƙashin katanga.

Yadda ake dasawa

Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu da ke wannan yanki, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, kuma gab da ita ne dashe ke wadata wurin ma'aikatan gandun daji da masu renon itatuwa. A Filinge wanda ya samu dashe tun tsakiyar Yuli, bayan ruwa mai jiƙa ƙasa, kada ya jira bikin. Damanar nan gajera ce, tsakiyar Satumba ta fara ɗaukewa, kowane mako na ruwan sama riba ne ga saiwa.

A bar aƙalla mita 3 tsakanin rami da katangar ƙasa, rijiya ko shadda. Ba saiwa kaɗai ake gudu ba: ban ruwa kullum a gindin ginin ƙasa na cinye tushensa. Ramin ya yi kamar santimita 60 a zurfi da faɗi. A cuɗa ƙasar sama da takin dabba da ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki na ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Kaɗan daga tokar murhu na taimakawa. A cire ledar gaba ɗaya, a dasa da marece, kada a binne wuyan iccen fiye da yadda yake a leda. In mai aure ne, wurin ɗaurin ya zauna sama da ƙasa, kuma duk reshen da ya tsiro ƙasa da shi a cire, in ba haka ba magaryar daji ce za ta dawo.

Akuya ta fi fari kashe dashe. Shingen ƙaya ko waya ya zama a shirye tun kafin a kawo iccen.

Bazarar farko ce jarrabawa. Inda ake sayen ruwa bido-bido, dabarar tulu ta fi: a binne tulun ƙasa har wuya kusa da dashen, a cika shi, a rufe bakin, ruwa ya riƙa tsatsowa a hankali zuwa saiwa maimakon rana ta shanye shi. Ruwan alwala da na wanke gero suna da kyau. Na sabulun wanki a kai shi nesa. Wasu rijiyoyin kwarin kuma ruwansu na da kanwa. In aka ga fari-fari na taruwa a gindin icce, bakin ganye na ƙonewa, a kankare ƙasar saman, a sake wata, a ba shi ruwa mai yawa lokaci guda don ya tura gishirin ƙasa, sa'an nan a rufe gindin da karan gero.