Bashin da Isaac Fadoyebo ya ɗauko daga Bama

A watan Nuwamba na 2012 wani dattijo ya rasu a Legas yana da shekara 86. Maƙwabtansa sun san shi a matsayin tsohon ma'aikacin gwamnati mai ɗingishi, mai 'ya'ya da jikoki. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa harsashin sojan Japan ne asalin ɗingishin, kuma ya yi kusan shekara saba'in da bashin alheri a wuyansa, yana neman hanyar biya. Sunansa Isaac Fadoyebo.

An haife shi a 1925 a Emure-Ile, kusa da Owo, a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa bai iya ci gaba da biya masa kuɗin makaranta ba, don haka a 1942, yana ɗan shekara 16, ya shiga sojan Turawan mulkin mallaka. Aka koya masa aikin jinya, aka tura shi Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Wannan runduna da 'yar'uwarta ta 82 su ne suka kwashi dubun-dubatar samari daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya zuwa yaƙin Bama. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki tun kafin yaƙin.

A 1943 jirgin ruwa ya kai su Indiya, daga nan suka shiga dazuzzukan Arakan da ke yammacin Bama. Da safiyar 2 ga Maris, 1944, a gaɓar kogin Kaladan, Japanawa suka yi wa ayarin masu jinyar kwanton ɓauna. Aka kashe da dama. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙafar dama. Maharan suka dube shi, suka ga ba zai kai labari ba, suka wuce.

Bai mutu ba. Shi da wani soja ɗan Saliyo, David Kargbo, wanda shi ma aka harba, suka kwanta a daji ba magani, ba abin rufa, damina ta same su a can. Mutanen ƙauyen da ke kusa, Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya, suka riƙa kawo musu shinkafa da ruwa a ɓoye. Daga bisani wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, cikin iyalinsa, alhali ya san abin da zai same shi idan Japanawa suka gano. Talaka ne, ba su haɗa yare ko launin fata da baƙin nasa ba. Sai a watan Disamba, bayan wata tara, sojojin ɓangaren Ingila suka iso suka kwashe su.

Da Isaac ya koma gida a 1945, an riga an yi makokinsa. Mutanen garinsu sai da suka watsa masa ƙasa, bisa al'adarsu, don su tabbatar ba fatalwa ba ce. Daga nan rayuwarsa ta bi hanyar da littattafan tarihi ba su cika kulawa da ita ba: ya sami aiki a ma'aikatar ƙwadago, ya yi aure, ya zauna a Surulere, ya tsaya kan karatun 'ya'yansa, karatun da talauci ya yanke masa. Yaƙin ya ci masa shekara uku, gina gida ya ci sauran.

Abin da ya bambanta shi da dubban takwarorinsa shi ne ya rubuta abin da ya gani. Masanin tarihi David Killingray ya shirya rubutun, aka buga shi a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. Wannan ɗan littafi ne ya kai ɗan jarida Barnaby Phillips ƙofar gidansa. A 2011 Phillips ya ɗauki wasiƙar godiyar Isaac ya nufi jihar Rakhine, ya yi ta cigiya har ya gano ƙauyen. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma zuriyarsa na nan, kuma ba su manta da baƙin fatar nan biyu ba. Aka karanta musu wasiƙar. Tashar Al Jazeera ta nuna wannan tafiya a shirin Burma Boy. Shekara guda bayan haka Isaac ya rasu, a shekarar da rikici ya raba dubban 'yan Rohingya da gidajensu a wannan jiha.

Kowace 15 ga Janairu Nijeriya na tunawa da 'yan mazan jiya da fareti da furanni. Sai dai fareti ba ya adana suna. A Kano da Zariya da Sakkwato an yi tsofaffin da suka taka dajin da Isaac ya taka, suka dawo suka yi gadi ko noma, suka aurar da 'ya'ya, suka tafi da labarinsu kabari. Abin da ya saura yana cikin tsofaffin akwatuna: lambar yabo, takardar sallama, hoto mai kaki, da ɗan abin da tsohuwa a gida take iya tunawa. Duk wanda kakansa ya je Bama, ya kyautu ya zauna da ita da alƙalami tun tana iya ba da labari.