Nama, Lamiri da Ɗan'uwa: Nazarin Koyarwar Bulus a 1 Korintiyawa 8–10 da Romawa 14

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda Manzo Bulus ya warware rigimar cin nama a ikkilisiyoyin Korinti da Roma. Ta nuna cewa abin da ya sa a ma'auni shi ne lahanin da zai sami bangaskiyar ɗan'uwa, sannan ta gwada ma'aunin a kan batun burukutu a ikkilisiyoyin Arewacin Nijeriya.

Korinti da Roma

Daga Afisa Bulus ya rubuta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, tsakanin shekara ta 53 da 55 Miladiyya. Korinti birnin fatauci ne da Yuliyas Kaisar ya sake ginawa a shekara ta 44 kafin Miladiyya. Wani kaso na naman kasuwarsa ragowar hadayar gumaka ne, kuma masu tonon tarihi sun gano ɗakunan cin abinci a harabar haikalin Askilifiyos, inda ake kiran 'yan'uwa da abokai liyafa. Ƙin amsa irin wannan gayyata kan jawo wa mutum asarar abokan hulɗa.

Masu bi sun rabu biyu. Wasu suka ce gunki ba komai ba ne, saboda haka a ci. Wasu kuwa, da ba su daɗe da barin tsafi ba, lamirinsu bai kwanta ba. Masani Gerd Theissen ya yi hasashen cewa rarrabuwar ta bi layin arziki: mai hali ya saba da nama a gidansa, talaka kuwa ba kasafai yake ɗanɗanarsa ba sai ranar bikin gunki, don haka ƙanshin naman kan tuna masa da haikali. Hasashen na da masu suka, amma ya bayyana dalilin da ya sa Bulus ya ɗora nauyin a kan mai 'yancin ci.

Bulus ya amince da hujjar masu ci. Ya halatta sayen nama a kasuwa ba tare da bin diddigi ba, haka ma cin abin da mai masauki ya ajiye. Inda ya taka birki shi ne in cin zai ja raunanan bangaskiya su aikata abin da suke ganin zunubi ne. A wasiƙar Romawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 57, ya ja kunnen ɓangarorin biyu: mai ci kada ya raina, mai ƙi kada ya yanke hukunci. Wannan kashi na biyu ne masu wa'azi suka fi tsallakewa.

Tulun gayya

Mishan ɗin SIM, wanda ya fara a 1893 kuma ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya hana masu bi shan giya, yayin da cocin Katolika ya tsaya kan haramta buguwa. A ƙauyukan Filato, Kudancin Kaduna da na Maguzawa, burukutu ya shiga cikin aikin gayya da bukukuwan gargajiya. Manomi mai bi da ya kira gayya yakan tsinci kansa tsakanin tulun burukutu da na kunu a bakin gona.

A ce cikin masu riƙe da fartanya akwai wanda ya sha fama kafin ya rabu da ƙwaryar giya, ko wanda a gidansu da ita ake zuba wa tsafi. Bisa ma'aunin Bulus, mai gayya ya kawo kunu ko da ɗarikarsa ba ta hana shi giya ba, domin wannan mutum na iya komawa ruwa. In kuwa mai ƙorafin dattijo ne da ba abin da zai sa ya kai ƙwarya baki, ra'ayin wannan maƙala shi ne ba ya cikin raunanan da nassin ke karewa, kuma gargaɗin Romawa 14 game da yanke hukunci shi ya fi shafa.