Daga Tsibiri zuwa Ɗakin Otal: Asalin Killace Matafiya

Tun kafin a san ƙwayar cuta, fataken bakin Bahar Rum sun lura cewa annoba jirgin ruwa take bi. A shekarar 1377 mahukuntan Ragusa, wato Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, suka yanke cewa duk wanda ya fito daga garin da ake annoba sai ya yi kwana 30 a tsibirin Mrkan ko a Cavtat kafin ya shigo birni. A 1423 Venis ta ware tsibiri sukutum don masu cutar, daga baya kuma wa'adin ya koma kwana 40. Hikimar a fili take: ruwa shi ne mai gadi, iskar teku kuma ba ta kwana a ɗaki.

Alhazan da ma sun ɗanɗana irin wannan tsarewa. Bayan kwalarar da ta ɓarke a Makka a 1865 ta bi mahajjata har Masar da Turai, sai aka ƙarfafa sansanonin killacewa a hanyar Hajji, irin su El Tor a Sinai da tsibirin Kamaran a Bahar Maliya. Kakanninmu da suka ratsa Sudan a ƙasa, a Sawakin ake tsare su kafin su haye Jidda.

Zuwan jirgin sama da katin rigakafi ya sa aka yi watsi da yawancin waɗannan wurare. Shi ya sa da korona ta zo a 2020, gwamnatoci da yawa suka waiga ba tsibiri ba sansani, sai otal-otal da suka zama kango saboda baƙi sun ɗauke ƙafa. Ostireliya ta fara tilasta wa masu dawowa daga waje zaman otal na kwana 14 a ƙarshen Maris na shekarar, New Zealand ta bi sahu a Afrilu.

Zaman kansa ba hutu ba ne. Daga filin jirgi sai mota, daga mota sai ɗaki. A ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye abinci cikin jakar takarda, kai kuma ka ɗan jira mai kawowa ya yi nisa, ka sa takunkumi, sannan ka leƙo ka ɗauka. Wasu tagogin ma ba a buɗe su. Nan gizo ke saƙa: otal don jin daɗin baƙo aka gina shi, ba don tare cuta ba, iskar ɗaki kuwa na iya bin ƙofa ta fita baranda. A Melbourne ta Ostireliya aka ɗauko masu gadi na kamfanoni, da yawa ba su da horon kare kai, cutar ta bi su gida. Kwamitin bincike na tsohuwar alƙaliya Jennifer Coate ya danganta mutuwar mutum 768 da wannan ɓaraka.

Birtaniya ba ta shiga sahu ba sai 15 ga Fabrairun 2021, kuma aljihun matafiyi ta dosa: fam 1,750 na kwana 10, daga baya 2,285. Da nau'in Omicron ya ɓulla, aka saka Najeriya cikin jerin jajayen ƙasashe, wato waɗanda masu fitowa daga cikinsu sai sun yi zaman otal, ranar 6 ga Disamba. Mutane suka biya, suka shiga ɗaki. Ranar 15 ga watan aka soke jerin baki ɗaya, don cutar ta riga ta bazu a cikin Ingila.