Zaɓen Makaranta Mai Sauƙin Kuɗi Domin Karatun Adana Bayanai da Sarrafa Ilimi

Fannin sarrafa ilimi shi ne koyon yadda ake tattara bayanai da takardun ma'aikata, a tsara su, a adana su, domin a same su a lokacin bukata. A Najeriya galibi ana koyar da shi ne a ƙarƙashin kimiyyar laburare da bayanai. Mun tanadi wannan bayani domin iyaye da ɗalibai na Rafin Guza da kewaye, da jami'an ƙananan hukumomi masu son ƙaro ilimi.

Makarantun da ke kusa

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe sashen wannan fanni a shekarar 1968, kuma tana ba da digiri na farko har zuwa na uku. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana ba da ƙaramar difloma da babba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana da cibiya a Kaduna, ta kuma dace da ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba. A Kano akwai Jami'ar Bayero.

Lissafin kuɗi

Kuɗin rajista ɓangare ɗaya ne kawai na ɗawainiyar karatu. Muna ba da shawarar a haɗa kuɗin masauki, abinci, mota, littattafai da kwamfuta na tsawon shekaru huɗu kafin a yanke shawara. Ɗalibin Rafin Guza da ke karatu a cikin garin Kaduna zai iya kwana a gidansu, ya hau mota ta Kawo kullum. Wanda ya tafi Zariya, tafiyar kusan kilomita 80, sai ya nemi masauki.

Akwai kuma hanyar hawa mataki-mataki. Ɗalibi zai fara da ƙaramar difloma ta shekara biyu, idan sakamakonsa ya yi kyau ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB.

Tantance kwas

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin a biya ko kwabo, wajibi ne a tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin kansa, domin makaranta na iya samun izini alhali wani kwas nata bai samu ba. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna kuma take kula da na kwalejojin fasaha. Wanda ya yi kwas marar izini zai iya rasa bautar ƙasa da rajista da LRCN, majalisar da dokar 1995 ta kafa domin ma'aikatan laburare.

Tallafi

A shekarar 2024 aka kafa asusun NELFUND, wanda ke ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Jihar Kaduna ma tana da hukumar ba da tallafin karatu da rance.

Muna kira ga iyaye da su karɓi jadawalin kuɗi daga ofishin makarantar, domin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, kada kuma su miƙa kuɗi ga dillalin da ya yi alkawarin samar da gurbi.