Ɗaki da bursi: ɗan tarihin gidajen kwanan ɗalibai a Jami'ar Yamai

Yaron da ya samu bak a Damagaram, ya yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai, tambayarsa ta farko ita ce inda zai shimfiɗa tabarma. Zancen fakilte da malamai yana zuwa daga baya. A wannan ƴar ƙasida muna so mu duba yadda wannan tambaya ta samo asali, domin a ganinmu tarihin ɗakin kwana shi ne tarihin alkawarin da ke tsakanin gwamnati da ɗalibi.

Kafin 1971 Nijar ba ta da jami'a. Wanda ya gama lise sai ya nufi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. An gina ta a Harobanda, ƙetaren kogin Kwara, kuma gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita ce ta haɗa ta da gari. Wannan wurin zama yana da muhimmanci. Ɗan Yamai yana iya komawa gida da marece. Ɗan Maraɗi ko Tawa, in ba shi da kawu ma'aikaci a birni, ba shi da gida sai kampus.

A shekarun farko ɗalibai kaɗan ne, kuɗin yuraniyom kuma yana shigowa. Abu uku ke tafiya tare: bursi, da ɗaki da abincin resto, sannan aikin gwamnati bayan an gama. Da darajar yuraniyom ta faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasa ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na masu ba da lamuni, sai ukun suka fara rabuwa. Masu bak suna ƙaruwa kowace shekara, gine-gine ba su ƙaru daidai da su ba, bursi ya riƙa makara.

Nan ne ɗalibai suka ɗauki abin da hukuma ta kasa. Ɗakin da aka yi wa mutum biyu ya koma na duk wanda mai ɗaki ya kasa korewa: ƙane, ɗan gari, abokin lise. Wani na kan gado, wani na ƙasa, wani sai an fita darasi yake samun barci. Sabon zuwa yakan fara da neman ƴan jiharsu, su ne za su san ɗakin da ke da sauran wuri. Ana yawan kiran wannan zumunci, kuma zumunci ne; amma kada mu manta cewa wanda aka ba wa masauki ba ya da bakin musu da wanda ya ba shi. Da wannan bashi na kwana ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa tun 1960, ta samu ƙarfin da ba ta samu a aji ba. Wanda ke tsara layin resto da na bas, shi ake saurare ranar taro.

Saboda haka ba mu mamakin cewa daga kampus zanga-zangar 9 ga Fabrairu 1990 ta taso, zamanin Ali Saibou. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Abin da ya biyo baya sananne ne: taron ƙasa na 1991, wanda masanin tarihi André Salifou ya shugabanta, ɗalibai kuma suna da kujerunsu a ciki. Siyasa ta sake, ɗaki bai sake ba. Karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta ƙara rage abin da bursi ke iya saye, har hayar ɗaki a unguwa ta fi ƙarfin ɗan talaka.

Jami'o'in da aka kafa a Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010 sun taƙaita wa yara da dama tafiya. Sai dai ɗan ƙauyen Tasawa da ya je Maraɗi baƙo ne shi ma, kuma yana sauka a tasha da tambayar da yayansa ya yi a Yamai. A Afrilu 2017, kan batun bursi da halin zama, aka sake yin arangama a Yamai, ɗalibi ɗaya ya rasu, aka rufe kampus, waɗanda ba su da kowa a birni suka fito da jakunkunansu bakin hanya.